Abin da Ke Sa Bindigar Iska Ta Riƙe Gudu Ɗaya Daga Harbi Zuwa Harbi

A Ingila akwai wata gasar harbi da ta samo asali a farkon shekarun 1980, inda ake kakkafa 'yan siffofin ƙarfe na zomo ko ɓera ko tsuntsu a cikin kurmi, kowace siffa da rami a ƙirjinta. In harsashi ya shiga ramin ya bugi faifan da ke bayansa, siffar ta kife. In ya bugi gefe, tana nan tsaye, maharbi bai samu komai ba. Faɗin ramin yawanci ba ya wuce milimita 40, wani ma 15 ne kacal, kuma abin hari mafi nisa yana kaiwa mita 50. Makamin wannan gasa bindigar iska ce, wadda ba ruwanta da albarushi. Iska ce da aka matse a cikin 'yar tukunyar ƙarfe take tura ɗan harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5, wanda nauyinsa ya ɗan haura rabin giram. Irin wannan harsashi, idan ya bar bakin bindiga da gudun mita 240 a daƙiƙa, yana ɗaukar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya ci mita 50, kuma a wannan ɗan lokaci ƙasa ta janyo shi kusan santimita 28. Wannan faɗuwa ba ta damun maharbi, domin yana gyara saitin madubinsa ya biya ta. Sharaɗin kawai shi ne kowane harsashi ya faɗi daidai yadda na gabansa ya faɗi. Lissafin kuwa ba shi da sassauci: faɗuwa tana bin lokacin tafiya ne ninki biyu, saboda haka idan gudu ya ragu da kashi 1 cikin 100, faɗuwa ta ƙaru da kusan kashi 2, wato wajen milimita 6. Idan ya ragu da kashi 5, harsashi ya sauka kusan santimita 3 ƙasa da inda aka nufa, siffar zomo kuma ba za ta motsa ba komai kyan hannun maharbin.

Ra'ayin da nake so in kare shi ne cewa daidaiton gudu a irin wannan bindiga sulhu ne tsakanin ƙarfi biyu da ke kokawa a cikinta, bugun guduma da matsin iska. Da awo ake gano inda sulhun yake, kuma kuɗinsa shi ne mutum ya haƙura da ɗan abin da bindigar za ta iya bayarwa na gudu. Kayan da ake saya a ɗaura suna taimakawa, amma ba sa ɗauke wa kowa wannan aiki.

Matsalar ta girmi kowane kamfani da ke kasuwa a yau. A wajajen 1779 wani maƙeri daga yankin Tirol mai suna Girardoni ya ƙera bindigar iska da rundunar sojan Ostiriya ta yi amfani da ita daga 1780 har zuwa wajajen 1815. Tukunyar iskarta ita ce gindin bindigar, sai an buga famfon hannu kusan sau 1,500 kafin ta cika, kuma cikawa ɗaya tana ba da harbi kusan 30. Amma harbin ƙarshe-ƙarshe ba su da ƙarfin na farko, dole soja ya san a wane mataki tukunyarsa take. Da kamfanin Daystate na Ingila ya farfaɗo da wannan tsari a wajajen 1980, sauran kamfanoni irin su Air Arms da Weihrauch da FX suka biyo baya, an samu ƙarfe mai inganci da matsi mai yawa, yawanci 200 zuwa 300 a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar), alhali tayar mota ba ta wuce ba 2 da ɗoriya. Sai dai asalin damuwar bai gushe ba: kowane harbi yana ɗibar iska daga tukunya, saboda haka babu harbi biyu da suke farawa da matsi iri ɗaya.

Mai karatu zai yi tsammanin harbin farko ne zai fi kowanne gudu, sannan gudun ya riƙa raguwa har iska ta ƙare. Ba haka abin yake ba, kuma dalilin shi ne zuciyar wannan magana gaba ɗaya. Tsakanin tukunya da bututun bindiga akwai bawul, ɗan toshi mai kara a jikinsa, wanda iskar da ke cikin tukunyar ce da kanta take danne shi a rufe. Idan aka ja kunama, sifirin ya ingiza wani ɗan curin ƙarfe da ake kira guduma, ta ruga ta daki karan bawul, bawul ya buɗe na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, iska ta kutsa bayan harsashi, sannan matsi ya sake maido da toshin mazauninsa. A duba girman wannan danniya. Idan faɗin mazaunin bawul milimita 5 ne, a matsin ba 200 iska tana danne toshin da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 40. Idan matsi ya sauka zuwa ba 100, danniyar ta koma kilo 20. Ita kuwa guduma ba ta san an yi ba, bugun da ta yi a harbi na farko shi za ta yi a na hamsin. To a lokacin da tukunya take maƙil, iskar tana da ƙarfi amma bawul da ƙyar yake buɗewa, nan da nan ya rufe, sai harsashi ya samu iska kaɗan. Da matsi ya ɗan sauka, bawul ya fi buɗewa ya kuma fi daɗewa a buɗe, sai gudu ya hau. Akwai wani tsakiya inda raguwar ƙarfin iska da ƙaruwar buɗewar bawul suke cinye juna, harbi bayan harbi gudu bai cika motsawa ba. Daga nan sai raunin iskar ya rinjayi komai, gudu ya kama gangara. In aka zana wannan a takarda, tudu ne mai faffaɗan kai, kuma kan tudun nan shi ne dukiyar mai bindiga.

Ido ba ya ganin wannan tudu, kunne ma ba ya jin sa yadda za a dogara da shi. Sai da na'urar auna gudu, wadda mafi sauƙinta idanu biyu ne na lantarki da ke lissafa lokacin da inuwar harsashi ta ɗauka daga ɗaya zuwa ɗaya. Akwai kuma sababbi masu aiki da rada. Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so. A cika tukunya zuwa matsin da kamfani ya rubuta, a ɗauki harsashi iri ɗaya daga gwangwani ɗaya, a yi ta harbi ana rubuta gudun kowanne, ana duba gejin matsi bayan kowane harbi biyar ko goma, har gudu ya faɗi sosai. A ce, misali, harbin farko a ba 200 ya ba da mita 228, gudu ya yi ta hawa har ya kai 240 a wajajen ba 160, sannan ya dawo 236 a ba 130 ya ci gaba da sauka. Mai wannan bindiga ya samu amsarsa ba tare da ya kwance ko ƙusa ɗaya ba: ya daina cikawa zuwa 200, ya tsaya a wajajen 180, ya sake cikawa idan geji ya nuna 130. Adadin harbinsa a cikawa ɗaya ya ragu, amma waɗanda ya zubar su ne dama masu ɓata masa saiti. Ina ganin babu gyaran da ya kai wannan arha da amfani, kuma abin takaici shi ne yawancin masu sabuwar bindiga sun fi saurin sayen ƙarin kaya a kan su zauna su yi wannan awo na yini guda.

Wajen karanta lambobin ma akwai inda ake tuntuɓe. Mutane sun fi son ambaton tazarar da ke tsakanin harbi mafi gudu da mafi rauni, domin ita ce mai sauƙin faɗa. Amma wannan tazara harbi biyu kawai take kallo, kuma tana ƙaruwa ne da yawan harbin da aka yi, ko da bindigar ba ta sauya ba. Wanda ya yi harbi biyar ya ga tazarar mita 1 bai tabbatar da komai ba tukuna. Abin da ya fi gaskiya shi ne a yi harbi 30 ko fiye, a duba yadda yawancinsu suka taru kusa da matsakaici, lissafin da na'urorin yanzu suke fitarwa da kansu, sannan a lura da siffar jerin: hawa yake yi a hankali, sauka yake yi, ko tsalle yake yi ba tsari? Kowace siffa da cutar da take nunawa.

Zafi ma yana da hannu a ciki, kuma wannan ya shafi duk mai irin wannan bindiga a ƙasa mai rana. Iskar da ke kulle a tukunya matsinta yana hawa da zafi. Tukunyar da aka cika zuwa ba 200 da sanyin safiya, a ma'aunin zafi 20, za ta nuna kusan ba 214 idan ta kai 40, zafin da ba baƙo ba ne a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, balle a bar ta a cikin mota a rufe. Wannan ƙari kaɗai ya isa ya ture bindiga daga kan tudunta ya mayar da ita inda bawul ke buɗewa da ƙyar. Akasin haka kuma yana faruwa wajen cikawa: iska tana ɗumama idan ana dura ta da sauri, geji ya nuna ta cika, bayan minti kaɗan ta huce matsi ya sauka. Shi ya sa ake dura ta a hankali, a jira, sannan a karanta geji.

A nan ne wani zai ce duk wannan tsohon zance ne, tunda yanzu akwai regileta. Gaskiya ne regileta babban ci gaba ce, kuma aikinta bai bambanta da na wadda ke kan tukunyar gas ta girki ba, wadda ke sa wutar murhu ta tsaya yadda take ko tukunya cike take ko ta kusa ƙarewa. A cikin bindiga, regileta ɗan fistin ne da ke zaune a kan jerin faya-fayan ƙarfe masu lanƙwasa da ke aikin sifirin. Tana barin iska ta wuce daga babbar tukunya zuwa wani ƙaramin ɗaki da ke gaban bawul, da matsin ɗakin ya kai inda aka saita, a ce ba 100 ko 120, sai fistin ya toshe hanya. Kowane harbi daga wannan ɗaki yake sha, saboda haka bawul yana ganin matsi ɗaya tun daga cikar tukunya har ta sauko zuwa matsin saitin. Tudun nan ya zama shimfiɗaɗɗen fili. Bindigogin gasar Olamfik na Feinwerkbau da Walther da Steyr duk da ita suke aiki, kuma kamfanoni irin su Huma na ƙasar Holan sun yi suna wajen ƙera ta don a saka wa bindigar da ba ta zo da ita ba.

Amma regileta matsi kawai take daidaitawa, ba ta san komai game da guduma ba, kuma ita kanta ba ta cika zama daram ba. Mazauninta na roba mai tauri ne, yana lotsawa da tsufa, sai iska ta riƙa silalowa a hankali bayan ta rufe. Bindigar da ta kwana a ajiye za a iya samun matsin ƙaramin ɗakinta ya haura saiti da ba biyar ko goma. Haka kuma tana buƙatar 'yan daƙiƙu kafin ta gama cika ɗakin bayan harbi, wanda ya yi harbi a jere da gaggawa zai ga na biyu da na uku sun ɗan yi rauni. Ga kuma abin da ɗakin ya ci na wuri a cikin tukunya, ga ƙarin zoben roba da kowannensu wata ƙofar yoyo ce. Tambayar da ta rage ita ce, idan matsi ya ɗan kauce haka, me zai faru da gudu? Amsar tana wurin guduma. Idan aka bar matsin regileta wuri ɗaya aka riƙa ƙara wa sifirin guduma ƙarfi kaɗan-kaɗan ana aunawa, gudu zai yi ta hawa, sannan ya zo ya tsaya cak, ƙarin bugu ba ya ƙara komai sai ƙara da ɓarnar iska, domin bawul yana nan a buɗe bayan harsashi ya riga ya yi nisa a bututu. Masu gyaran waɗannan bindigogi sun daɗe da gane cewa wurin zama shi ne ɗan ƙasa da wannan ƙololuwa, kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100. A daidai nan, idan matsi ya ɗan hau, iska ta ƙara ƙarfi amma bawul ya yi saurin rufewa, biyun suka kashe juna. Idan gudumar ta yi rauni da yawa, ƙaramin hawan matsi zai sa harbi ya yi sanyi, kuma duk wani ɗan bambanci a bugun guduma zai fito ɓaro-ɓaro a gudu. Idan ta yi ƙarfi da yawa, gudu zai bi matsi duk inda ya nufa. Ashe sulhun da ke samar da kan tudu a bindiga marar regileta shi ne dai ake nema a mai regileta. Saboda haka bindiga marar regileta da aka san tudunta tana iya kunyata mai regileta da aka saita da ka.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko zafi a zukatan mutane: wa zai sayi bindiga da tsada sannan ya rage mata ƙarfi da hannunsa? Na fahimci wannan, amma lissafi ba ya goyon bayansa. Kashi 4 na gudu da aka bari ana biyan sa da ɗan juya saitin madubi sau ɗaya, shi ke nan, alhali gudun da ke yawo ba shi da saitin da zai biya shi. Abin da ake samu a madadinsa kuwa yana da yawa: harbi ya ƙaru a cikawa ɗaya, ƙara ta ragu, kuma iskar da ke biyo harsashi a baya tana hankaɗa shi yayin fita ta ragu. Guduma mai ƙarfi fiye da kima tana da wani aibin, bawul yana tunkuɗo ta baya ta sake dawowa ta dake shi karo na biyu, iska ta fita a banza bayan harsashi ya tafi. Ga shi kuma harsashin bindigar iska, mai ƙugu siriri da buɗaɗɗen siket a baya, an yi shi ne don gudun da bai kai na sauti ba, wato ƙasa da mita 343 a daƙiƙa, kuma yana fara tangaɗi tun kafin ya kai can. A wasu ƙasashe ma doka ta riga ta yanke hukunci. A Ingila bindigar iska da ƙarfinta ya haura kimanin jul 16 sai da takardar izinin mallakar makami, a Jamus iyakar jul 7.5 ce. Harsashi mai nauyin giram 0.547 a gudun mita 240 yana ɗauke da jul 15.75, saboda haka maharbin Ingila da bindigarsa ke tsalle da mita biyar ko shida yana iya tsallake doka bai sani ba. A Najeriya dokar makamai ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi, abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya yi sha'awar wannan wasa.

Ƙorafi na uku shi ne wanda na fi girmamawa, domin akwai gaskiya mai yawa a cikinsa. Masu shi suna cewa takardar hari ce alƙali, ba na'urar auna gudu ba. A gasar Olamfik ta mita 10, wadda ta shiga wasannin a 1984, tsakiyar abin hari ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, amma harsashi mai gudun wajen mita 175 bai fi santimita 2 yake faɗuwa ba kafin ya isa, bambancin kashi 1 a gudu kuma kusan sulusin milimita ne. A mita 25, ga harsashi mai gudun mita 240, bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Wanda ke harbi a irin wannan nisa, iskar gari da ke kaɗawa da rawar hannunsa sun fi gudun harsashi cutar da shi nesa ba kusa ba. Kuma sananne ne cewa bindiga tana iya ba da lambobi masu kyau ƙwarai ta kuma watsa harsashi, idan bututunta bai yi jituwa da irin harsashin ba. Duk wannan na yarda da shi. Abin da ya nuna shi ne daidaiton gudu sharaɗi ne da nauyinsa ke ƙaruwa da nisa, kuma akwai inda neman sa ke zama ɓata lokaci. Wanda ya kai tazarar kashi 1 cikin 100 a jerin harbi 30 ya isa inda zai tsaya ga mita 50, sauran lokacinsa ya ba koyon karanta iska. Amma wanda ke da kashi 4 ko 5 ba zai taɓa sanin ko shi ne ya yi kuskure ko bindigarsa ba, kuma wanda bai san wannan ba ba ya koyon komai daga harbin da ya kauce.

Harsashi shi ma yana da nasa kaso, sai dai ba inda aka fi zato ba. Akwai masu auna kowane harsashi a kan sikeli mai gane kashi ɗaya cikin dubu na giram. Lissafi ya nuna ribar wannan kaɗan ce: harsashin da ya fi ɗan'uwansa nauyi da kashi 1 gudunsa ba ya raguwa fiye da rabin kashi, kimanin mita ɗaya a daƙiƙa. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda ya zauna a bututu. Shi ya sa kamfanoni irin su JSB na Jamhuriyar Cek da H&N na Jamus suke rubuta faɗin kai a gindin gwangwani, 4.50 ko 4.51 ko 4.52, domin bambancin da ido ba ya gani yana sauya yadda dalma ke kama bututu. Dalma kuwa laushi gare ta. Gwangwanin da ya faɗi ƙasa, ko ya yi ta kaɗawa a aljihu, zai ba da harsasai masu lotsattsen siket, iska ta riƙa zillewa ta gefe. Minti biyu na dubawa a tafin hannu, a ware masu lanƙwasa, ya fi awa guda a gaban sikeli.

Sauran abin tsafta ce da kiyayewa. Guduma tana son ta zame a hanyarta ba tare da cikas ba, giris mai kauri yana riƙe ta da sanyi ya sake ta da zafi, ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da shi sai ya zama taɓo. Yawancin masu gyara sun fi son hanyar guduma a goge, a bushe. Wasu kamfanoni, Daystate a kan gaba, sun maye gurbin sifirin da maganaɗisun lantarki da ke auna matsi ya daidaita bugu da kansa, wanda wata hanya ce ta cimma sulhun nan dai. Akwai kuma iyakokin da ba a wasa da su, domin ba 200 ba abin raini ba ne. Ba a kwance bawul ko regileta sai an tabbatar tukunya ta zama fanko. Ba a dura iskar oksijin ko kaɗan, kuma ba a kusantar da man inji ko wani mai na fetur inda matsi yake, domin suna iya kamawa da wuta su fasa tukunya. Man silikon kaɗai ake shafa wa zoben roba. Iskar ma ta zama busasshiya, saboda damshin da famfon hannu ke turawa yana cin tukunya ta ciki inda ba a gani.

Wanda ya ajiye ɗan littafi yana rubuta jerin harbinsa da matsi da yanayin zafi zai ga lambobin suna nuna masa inda ciwo yake tun kafin ya ɗauki sukudireba. Idan harbin farko bayan ajiya ne kaɗai ke kaucewa, regileta ce ke silala. Idan gudu yana tsalle sama da ƙasa ba tsari, a duba hanyar guduma da zoben robar da ke toshe bayan harsashi, wanda ake gane yoyonsa da ɗora 'yar takarda mai laushi a kan wurin a ga ko za ta tashi yayin harbi. Idan kuwa komai yana tafiya daidai sai ga gudu ya ɗan hau sannan ya faɗi a ƙarshen jeri, tukunya ce ta sauko ƙasa da saitin regileta, kuma matsin da geji ya nuna a wannan harbi shi ne inda za a riƙa tsayawa a sake cikawa.